Yadda zaka riƙe gudu a marba'aniyya, wato tsakiyar hunturu, duk da sanyi da duhun Riyad

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya shekara a Riyad ya san daga Mayu zuwa Satumba ba'a maganar gudu a waje, zafi ya haura digiri 40 kusan kullum, da dare ma iskar kamar daga bakin tanda take fitowa. Sai sanyi ya shigo, lokacin da ya kamata ace mutum ya more titi, kuma abun mamaki a nan ne yawancinmu muke cusa takalmin ƙarƙashin gado. Dalilin ba ɓoyayye bane, wuni ne ya gajarce. A Disamba ƙarfe 5 da 'yan mintuna an kira magariba, kai kuma dawam, wato aiki, sai 5 ake tashi, kafin ka fita daga cunkoson titin Sarki Fahad ka iso gida gari yayi duhu ɗulum har ana shirin isha'i, da safe kuma rana bata leƙowa sai wajen 6 da rabi. A Kano a wannan watan sai bayan 6 ake magariba, shiyasa wanda ya taso can jikinsa baya yarda da wannan lissafin, gani yake dare ya raba alhali ko 7 bata yi ba.

Ni hunturu biyu a jere na rasa a haka. Ina farawa da zafi na a Oktoba, Disamba na shigowa in daina, kafin in farga Maris ya wuce zafi ya dawo, shikenan shekara ta tafi. A na ukun ne na gane ba ƙarfin zuciya na rasa ba, tsari ne bani dashi. Abunda zan rubuta nan shine tsarin da ya riƙe ni.

Da farko ka san sanyin da kake ciki. Mutanen Najdu, yankin da Riyad take ciki, suna da lissafinsu na hunturu kuma yana da amfani sosai ga mai gudu. Marba'aniyya tana shigowa wajen 7 ga Disamba, kwana 40 take yi, a cikinta ake samun dare mafi tsawo, wuni baifi awa 10 da rabi da ɗan ɗoriya ba. Bayanta sai shabɗ daga tsakiyar Janairu, kwana 26, shine mai iskar nan da take yanka kunne, sannan aƙarib daga wajen 10 ga Fabrairu inda sanyin yake fara sakin jiki. Kaga kenan ainihin wuyar bata wuce sati 9 zuwa 10 ba. Ka ɗauko kalanda ka zagaye waɗannan satuttukan da biro, domin abunda ka san ranar ƙarewarsa yafi sauƙin haƙuri. A Riyad da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 10, wasu kwanakin har 3 ko 4. 'Yan uwanmu na Tabuk da Ha'il da Ƙurayyat su nasu yafi haka, yana sauka ƙasa da sifili, dutsen Jabalul Lauz har dusar ƙanƙara take zuba. Na Jidda da Makka kam ku gode Allah, ku duhu ne kawai matsalarku ba sanyi ba.

Sai ka ajiye wani abu a ƙarshen hanyar da zai dinga janka. Tun 2022 ake gasar gudun fanfalaki ta Riyad kuma a ƙarshen hunturu ake yinta, ba dole sai kilomita 42 ba, akwai rabi, kilomita 21, akwai na 10, akwai gajere na iyali. Kayi rajista da wuri ka biya kuɗinka. Riyal ɗin da ya fita daga aljihunka yana tada mutum daga bacci fiye da alam.

Toh yanzu ga mataki mafi girma, wanda in ka ɗauki shi kaɗai ma ya isheka. Kada ka bawa gudu lokacinsa shi kaɗai, ka ɗaura shi a jikin sallah. In kace "zan fita ƙarfe 6" to ƙarfe 6 zata sameka cikin bargo kana ciniki da kanka, kuma wallahi bargo ne zai ci cinikin. Amma asuba dole ka tashi, dole ka taɓa ruwa, dole ka fita masallaci, duk wahalar da kake tsoro ka riga ka shata saboda Allah, saura kawai kar ka koma ɗaki. Ga yadda nake yi daki-daki. Tun dare nake jera kaya akan kujera kusa da ƙofa, wando, riga biyu, safa a cikin takalmi, hula, makulli. Ana kiran sallah wajen 5 da 'yan mintuna, inyi alwala da ruwan ɗumi, in saka kayan gudun a ciki, in ɗora jallabiya a sama, ranar da sanyi yayi tsanani in ƙara farwa, wato babbar rigar sanyi mai gashi a ciki. Takalmin gudun nake sawa zuwa masallaci ba silifas ba, wannan ƙaramin abu ne amma shine sirrin, domin in ka tafi da silifas dole ka dawo gida canjawa, in ka dawo kaga dafaya, wato hita, a kunne ɗaki yayi ɗumi yara suna bacci, magana ta ƙare. Ana sallama in fito, in cire jallabiyar in jefa a mota ko in rataye a bayan ƙofar gini, in fara tafiya a ƙasa ina azkar ɗin safiya. Kafin in gama azkar minti 10 ta wuce, jiki ya ɗumama, sai in fara sassarfa. Ina cikin gudun gabas take fara ja, fitilun titi suna nan a kunne, masu tamis sun hura tanda ƙamshin burodi yana fitowa, ma'aikatan baladiyya suna shara, kuma kafin 6 da kwata na dawo nayi wanka. Da sanyin safiya ake kama fara, ba ƙarya Bahaushe yayi ba.

Wanda dawam ɗinsa yake farawa da sassafe, ko mai aikin dare a asibiti ko kamfani, shi sai ya duba tsakanin magariba da isha'i. A nan ƙasar tazararsu awa ɗaya da rabi ce cif, in banda azumi da ake ƙara rabin awa. Wannan fili ne babba da muke ɓatarwa a cunkoso. Ka ajiye jakar kayanka a mota tun safe, in an tashi kar ka nufi gida, ka tsaya a mamsha, wato hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, mafi kusa da wajen aikinka, kayi magariba a masallacin wajen, kayi gudun minti 30 ko 40, kafin ka gama hanya ta ɗan sake. Bayan isha'i ma ana yi, kuma mamsha tafi cika a lokacin, sai dai ni na lura in naci abincin dare na zauna aka kawo shayi ko karak to ba inda zani, kuma gudu mai ƙarfi dab da kwanciya yana hana wasu bacci. In lokacin ne kaɗai gareka, ka fita kafin kaci abinci mai nauyi.

Maganar bacci kuwa dole mu faɗawa juna gaskiya. Hunturu a Saudiyya lokacin hira ne, kashta, wato fita shaƙatawa a sahara, zama a istiraha, wato gidan hutu, da abokai, a hura wuta a gasa nama har ƙarfe 2. Ba laifi bane, nima ina zuwa, amma ba zaka haɗa wannan da gudun asuba ba. Ka bar wa daren Juma'a ko na Asabar, sauran kwanakin ka nemi awa 7 ɗinka, wato wajen 10 ka ajiye waya. Dare yayi tsawo, isha'i wajen 7 an idar, ba uzuri.

Sai kaya. Kuskuren da kowa yake yi a farko shine ya jibga kaya kamar mai gadin dare, minti 10 da fara gudu zufa ta jiƙa shi sharkaf, iska ta bugi rigar, ya dawo gida da mura yace gudu ne ya jawo masa. Ka saka kaya kamar gari yafi yadda yake ɗumi da digiri 10, ma'ana in ka fito ƙofa ya kamata kaji ɗan sanyi yana shigarka, in kaji daidai to kayan sun yi yawa. Rigar ciki kar ta zama ta auduga, auduga tana shan zufa ta riƙe, ka nemi irin ta 'yan ƙwallo mai santsi. A samanta riga mai dogon hannu, ranar iska ka ƙara 'yar jaket mara nauyi mai zif wadda zaka iya ɗaurawa a ƙugu. Wando dogo, ko ba don sanyi ba tunda dashi zakayi sallah. Inda sanyi yafi cizo shine kunne da yatsu, don haka hular sanyi da safar hannu sun fi maka wata babbar riga amfani, kuma a shagunan abu hamsa masu kayan araha ma zaka samu. Ba sai ka shiga manyan moll ba, a kasuwannin Baɗha da Haraj bin Ƙasim akwai kayan da zasu isheka da kuɗi kaɗan. Takalmi ne kawai nake cewa kar a yi masa rowa, ka gwada da yamma da safa a ƙafarka, ka bar sararin babban yatsa a gaba. Iskar Riyad busasshiya ce irin hunturunmu na gida ko ma fiye, leɓe yana tsagewa, faso yana buɗe diddige, ka shafa basilin ko man kaɗanya kafin ka fita da kuma bayan wanka.

Yanzu duhu, kuma dan Allah a nan a saurare ni da kyau. Wata asubar a cikin Janairu na fita sanye da baƙaƙen kaya tun daga hula har wando, ina gefen titin unguwa, mota ta fito daga lungu ba tare da ta tsaya ba, madubinta ya daki gwiwar hannuna. Bawan Allah ya fito jikinsa yana rawa yana cewa wallahi bai ganni ba, kuma na yarda dashi, gilashinsa duk raɓa ce kuma ni na saje da duhu. Allah ya tsare. Tun ranar na sayi rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, kuɗinta bai kai na shawarma biyu ba. In dole sai kabi titi, ka bi ɓangaren da kake fuskantar motoci kana ganinsu, ka cire abun kunne ko ka bar ɗaya kawai, kuma kar ka taɓa ɗauka direba ya ganka. Wajen da ake gini ko tonon titi, kuma kun san Riyad ko'ina gini ake, ka kula da ramuka da ƙarafa, targaɗe ɗaya zai cinye maka marba'aniyya gaba ɗaya. Mafi alheri ka nemi wajen da aka yi domin tafiya, mai fitilu. Lambun Sarki Abdallah a Malaz da kewayensa, lambun Salam, mamshar titin Sarki Abdallah, ga kuma Wadi Hanifa, sai dai shi kwari ne, yafi cikin gari sanyi kuma wasu sassansa ba haske, ni sai rana ta fito nake zuwa. Mutanen Jidda kuna da kornish na bakin teku, ɗaliban Madina kuma ku nemi lambun Sarki Fahad ko mamshar unguwa, hanyar Ƙuba a barta wa masu ziyara tunda cike take da jama'a. Ka riƙe wayarka da shaidar iƙama, wato katin zama, ka gayawa mutanen gida hanyar da zakabi. Lambar motar asibiti 997 ce.

Jiki a sanyi kamar mota ne, baka tada ta ka figa. Tafiya mai sauri minti 8 zuwa 10, ka juya ƙafafu da ƙugu, ka ɗan ɗaga gwiwoyi, sannan sassarfa a hankali. Miƙar jijiyoyi ka barta sai bayan ka gama, kuma a cikin gida, kar ka tsaya a waje da jiƙaƙƙiyar riga kana hira. Iska mai sanyi da bushewa tana ƙona maƙogwaro, wasu ma har tari take sasu, ka ja wani ƙyalle mara kauri ka rufe baki da hanci a mintunan farko. Mai asma ya tafi da abun shaƙarsa kuma ya fara ganin likita, haka wanda ya haura 40 bai saba motsa jiki ba, ko mai hawan jini ko suga ko ciwon zuciya, layin ma'aikatar lafiya 937 yana nan in kana son shawara. In kaji nauyi a ƙirji ko jiri ka tsaya nan take. Ranar da gari ya tashi da ƙura ko aka fitar da gargaɗin ruwan sama, ba gudu a waje, musamman a wadi inda ambaliya take zuwa ba sallama. Kuma ka sha ruwa, a sanyi ƙishirwa bata damun mutum amma jiki yana zubar da ruwa ta numfashi da zufa, kofi ɗaya ko biyu da dabino uku kafin ka fita sun isa.

Nawa zaka dinga yi? Kwana uku a sati, kada ka ƙara a farko. Misali Lahadi da Talata gajere, minti 25 zuwa 30, sai Juma'a ko Asabar da safe mai ɗan tsawo. Sabon farawa yayi gudun minti 1 tafiyar minti 2, ya maimaita sau 8, sati na gaba ya mayar 2 da 2, a haka a haka har ya iya minti 20 a jere, yawanci cikin wata biyu ake kaiwa. Ma'aunin sauri kuwa shine ka iya magana da na kusa dakai ba tare da haki ya yanke maka zance ba, in baka iyawa ka rage. Hukumar lafiya ta duniya tace baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, ko 75 na mai ƙarfi, kaga kwana ukun nan sun kusa kai ka. Shi na ƙarshen satin ka jinkirta shi har rana ta fito sosai, wajen 8 ko 9, ka bari ta taɓa fuskarka da hannunka. Da yawanmu sati guda muke yi daga ɗaki sai mota sai ofis, mu fita da duhu mu dawo da duhu, kuma hasken safiya shine yake saita agogon baccin jiki, rashinsa yana kawo kasalar nan da nauyin zuciya da mutum baya gane daga ina suke. Ƙarancin bitamin D ma ya yawaita a ƙasar nan duk da yawan ranar da ake da ita, in kasala taƙi ƙarewa kaje a gwada jininka.

Sannan ka nemi mutum. Ni wani dattijo ne maƙwabcina, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno, ya kusa 60, shi baya gudu, tafiya kawai yake saboda suga. Muka yi dashi cewa bayan asuba zamu haɗu a bakin masallaci. Ranar da na makara sai in tarar dashi tsaye ya naɗe kansa da rawani yana jira, yace "ɗana, yau bargon ne yaci ka?" ince "a'a Baba, gani nan." Kunyar barin dattijo a tsaye cikin sanyin nan ta fitar dani ranaku da yawa da ba abunda zai iya fitar dani. Yana zagaye ɗaya ina biyu, mu haɗu mu koma tare. In baka da irinsa, ku buɗe ɗan guruf a WhatsApp ku uku ko huɗu, kowa ya gama ya tura hoton takalminsa ko lissafin manhajar Strava, kar ya wuce mutum biyar domin in yayi yawa hira yake komawa.

'Yan uwa mata, kuma ku kuna ciki. Yanzu ba kamar da bane, mamsha cike take da mata suna tafiya suna gudu, akwai abaya ta motsa jiki mara nauyi da bata harɗe ƙafa, akwai wuraren motsa jiki na mata zalla. Hajiya ki samu maƙwabciya ko ki fita da maigida ko da yaranki bayan magariba, ki zaɓi waje mai haske da jama'a, kuma tunda abaya baƙa ce ki ɗaura wani abu mai ƙyalli a hannu in zaki tsallaka titi. Wadda take aiki a gidan mutane bata samun fita, matattakalar bene ko zagayen tsakar gida minti 15 shima motsa jiki ne, kar ki raina shi.

Akwai ranar da duk wannan tsarin zai rushe, zaka tashi kaji ko kaɗan baka so. Dokata ita ce minti 10. In saka kaya in fita da niyyar minti 10 kacal, in na cika su har yanzu bana so in juya gida ba tare da na zargi kaina ba. A hunturu guda baifi sau biyu na juya ba, sauran duk jiki yana ɗumama sai zuciya ta biyo. In ka fashe rana ɗaya kar kace zaka rama da ninki gobe, kawai kar ka bari ta zama biyu a jere. In mura ce ta hanci kawai zaka iya tafiya a hankali, amma in akwai zazzaɓi ko tari ya sauka ƙirji ko ciwon jiki, ka kwanta har ka warke, sannan ka dawo da rabin abunda ka saba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar damu cewa aikin da Allah yafi so shine wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, ni wannan nake tunawa ranar da minti 15 kawai na iya.

Abu na ƙarshe, azumi yanzu yana shigowa ne cikin ƙarshen sanyi kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, nan da 'yan shekaru a tsakiyar marba'aniyya za'a yishi. Gudun asuba baya yiwuwa da azumi tunda ba zaka sha ruwa ba sai magariba, don haka tun sati guda kafin a ga wata ka fara mayar da jikinka yamma. Ko dai sassarfa mara ƙarfi ta minti 20 zuwa 30 wadda zata ƙare dab da kiran sallah, gorar ruwa da dabino suna jiranka a mota, ko kuma bayan tarawihi, ka sha ruwa da abu mara nauyi, ka ajiye sambusa da kabsa sai ka dawo.